Uwargida ce ke ba da labarin, amma ba ta wurin: iyakar labarin "ni"

"Malam, barka da aiki. Ina rubuta littafina na farko, ina sakinsa babi-babi a wani zauren WhatsApp. Labarin wata uwargida ce da mijinta ya yi mata kishiya bayan shekara 14 da aure, kuma ita ce ke ba da labarin da bakinta: na tashi, na ji, na gani. Har babi na 11 komai yana tafiya daidai, masu karatu suna kuka tare da ita. Yanzu na cije. Ina son a ga abin da amarya da mahaifiyarta suke ƙullawa a gidansu, da abin da mijin yake faɗa wa abokinsa a kasuwa, amma uwargidan ba ta wurin. Sau biyu ina sa ta yi laɓe, har wata ta yi mini sharhi cewa matar nan ba ta da aiki sai bin bango. Kuskure na yi tun farko? In koma in sake shi da 'ya ce, ta ce', ko akwai dabara?"

Malama, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ki, tambaya biyu kika haɗa: me ya sa labarin da ya taso da gudu ya zo ya tsaya cak, sannan ko maganin shi ne a rushe a sake gini. Ta farkon tana da amsa tsayayya. Ta biyun ta dogara ga abin da labarinki yake son faɗa, ni kuwa ban karanta shi ba, saboda haka zan nuna miki ma'aunin da nake amfani da shi idan an kawo mini irin wannan rubutu in gyara, ke kuma ki ɗora naki a kai.

Wadda ta yi miki sharhin bin bango ta yi miki alheri, ko da ba shi ta nufa ba. Ta taɓa daidai wurin da ciwon yake.

Cinikin da kika yi a shafin farko

Ranar da kika rubuta "na tashi" a matsayin jumlar farko, ciniki kika ƙulla. An ba ki kusanci: mai karatu ya shiga ƙirjin matar nan, ya ji yadda zuciyarta ta buga da aka shigo da akwatunan lefe. Kukan da ake yi miki a zauren daga nan ya fito. Abin da kika biya kuwa shi ne sani. Daga wannan jumla, duk abin da zai shiga littafin sai ya bi ta idon uwargida, ko ta kunnenta, ko ta bakin wanda ya gaya mata, ko ta zarginta. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Nakan ce wa marubuta su ɗauki mai ba da labarinsu kamar mai shaida a gaban alƙali. Duk abin da ta faɗa, akwai mai tambayarta: kin gani da idonki, ko gaya miki aka yi? Wa ya gaya miki? Shi a ina ya ji? Mai karatu ba ya yin tambayar da baki, amma yana yin ta a ransa, kuma da zarar ya rasa amsa sau biyu sai yardarsa ta fara zubewa.

Ke kuma kin zaɓi mai shaidar da duniyarta take da katanga. Uwargida tana da ɗakinta, da tsakar gida, da kicin, da gidajen biki da suna, da wayarta. Ba ta da rumfar kasuwa, ba ta da majalisar da maza suke zama bayan la'asar, ba ta da ɗakin uwar amarya. Da dillaliya ce ke ba da labarin, ko mai kitso, ko almajirin da ake aike tsakanin gidajen biyu, da ƙafarsu ta kai ki duk inda kike so, sai dai ba za su ba ki zafin da ke cikin ƙirjin uwargida ba. Kowane baki da abin da yake saya miki, da abin da yake hana ki.

Me ya sa ya yi wa na farko sauƙi

Salon ba baƙo ba ne a rubutun Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk tauraron ne yake zama ya ba da labarin kansa ga masu sauraro. Amma dubi irin labarin. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja matafiyi ne. Duk garin da ya sauka, nan labarin ya sauka. Ba ya buƙatar sanin abin da ake yi a garin da ya baro, domin babu abin da ya rage can. Labarin tafiya da bakin "ni" kamar tuwo da miya suke.

Naki labarin makirci ne na cikin gida, shi kuwa makirci ba a ƙulla shi sai inda wanda za a cuta ba ya nan. Kin ga ke nan muhimman abubuwan da ke tura labarinki gaba suna faruwa ne daidai wuraren da mai ba da labarinki ba za ta iya zuwa ba. Babi goma sha ɗaya na farko sun tafi lafiya saboda abin yana faruwa a kanta ne: an gaya mata, an kawo lefe, an ɗaura, an tare. Yanzu da amarya ta fara nata motsin, labarin ya fita daga ɗakin uwargida ya bar ta a zaune.

Shaihu Umar ya fi kusa da matsalarki. Malamin yana gaya wa almajiransa tarihinsa a garin Rauta, amma cikin tarihin akwai yadda fadawa suka ƙulla wa Makau, mijin mahaifiyarsa, sharri a lokacin da shi yana ƙaramin yaro, akwai kuma doguwar wahalar da mahaifiyar ta sha tana nemansa har ƙetaren Sahara, shi kuwa yana wani wurin dabam. Ba mu tuhumarsa, saboda dattijo ne yake magana bayan shekaru masu yawa, ya sake haɗuwa da mahaifiyar, ya sami lokacin da zai ji abin da bai gani ba. Tazarar shekaru ce ta ba shi izini.

Wannan ita ce tambayar da nake so ki fara amsa wa kanki: yaushe uwargidan take ba da labarin nan, kuma wa take gaya wa? In tana faɗarsa ne bayan shekara ashirin, tana da damar cewa "abin da ban sani ba a ranar, sai bayan rasuwar Hajiya ƙanwar amaryar ta gaya mini, shi ne…" ta kawo zaman uwa da 'yar. Da farashinsa, ba shakka. Macen da ta riga ta san ƙarshe ba ta jin tsoro kamar wadda take ciki, kuma in ta ɓoye mana abin da ta sani don ta ja mana rai, dole ki ba ta dalilin yin hakan.

Laɓe da danginsa

Laɓe yana da 'yan'uwa da yawa, kuma duk na sha ganinsu: wayar miji da aka manta a buɗe a kan gado, saƙon murya da aka tura wa wadda ba ita ake nufi ba, takarda a aljihun rigar da za a wanke, 'yar aiki mai kawo rahoto kullum da magariba, mafarkin da ke nuna gaskiya tiryan-tiryan. Kowanne yana iya aiki sau ɗaya. Na biyu sai ya sauya halin tauraruwarki ba da saninki ba. Kin gina mace mai kamun kai, sai ga shi bukatar labari ta mayar da ita mai bin bango da binciken aljihu.

Abin da ya fi damuna da laɓe ma ba yawansa ba ne, irin maganar da ake ji ne. Wata ta taɓa kawo mini rubutu inda uwargida ta tsaya bayan taga ta ji amarya tana waya: "Umma, kamar yadda kika sani, jiya mun je wajen mutumin nan, ya ba mu ƙullin da za a zuba a abincin Alhaji ranar girkina don ya saki matarsa." Babu 'yar da take yi wa uwarta irin wannan bayani a kan abin da suka je tare. Da mai karatu take magana, ita uwar kuwa sutura ce kawai. Na ce ta sake, ta bar abin da kunne zai iya tsinta ta taga da gaske. Sai ta dawo da wannan: "…a'a, ba ta sani ba tukuna." Shiru. Dariya ƙasa-ƙasa. "To sai ranar Alhamis ɗin." Shi ke nan. Uwargida ta koma ɗaki da 'yan kalmomi da ranar Alhamis, ta kwana uku tana saƙa da warwara, mu ma muna yi tare da ita. Kuma marubuciyar ta sami abin da ba ta da shi a da: mai yiwuwa ne maganar ba ta asiri ba ce, ciki ne amaryar take da shi.

Akwai wata al'ada a littattafan intanet inda marubuciya take kutsowa da kanta ta ce "ni kuwa na bi bayansu don in ɗauko muku rahoto". A labarin "ya ce, ta ce" wasa ne tsakaninta da masu karatunta, wasu suna jin daɗinsa. A naki kada ki kusance shi. "Ni" biyu za su haɗu a shafi ɗaya, a rasa wace ce take magana.

Inda Hausa take ƙara nata nauyi

Akwai iyakokin da harshenmu da tarbiyyarmu suke ƙarawa a kan waɗancan. Na farko kunya. Mace irin wadda kika siffanta da wuya ta kama sunan mijinta gatsau, ko na ɗanta na fari, ko na surukarta. Za ta ce Malam, ko Alhaji, ko baban su wance. In tun shafi na biyu tana kiransa da sunan yanka, kin sauya mata gida da zamani, sai dai in haka kike so. Sunan zai shigo ta bakin wani, abokinsa ko yayarsa. Wannan taƙaitawa tana da riba a ɓoye: ranar da ta kira shi da sunansa tsirara a tsakar gida, kowa zai san aure ya girgiza, ba sai kin yi bayani ba. Haka abin da ya shafi shimfiɗa, da abin da take ji game da kwanan amarya. Ba za ta faɗa kai-tsaye ba, za ta ce ta ji ƙarar rufe ƙofa, ta tashi ta sake ninke kayan da ta riga ta ninke.

Na biyu yabon kai, wanda muka ce jahilci ne. Ba za ta iya gaya mana tana da kyau da haƙuri da iya girki ba tare da ta zube a idonmu ba. Daga nan ne madubi ya samo aikin da ya fi ƙarfinsa: tauraruwa ta tsaya gabansa ta lissafa mana dara-daran idanunta da dogon hancinta kamar yau ta fara ganinsu. Macen da ta shekara 14 a ɗaki in ta kalli madubi a daren tarewar kishiya, furfura ɗaya za ta gani, ko zoben da ya matse yatsa.

Na uku nahawu ne tsantsa. A Hausa kusan kowane aikatau sai da wakilin suna a gabansa, saboda haka shafi yakan cika da "na": na tashi na ɗora ruwa na share tsakar gida na ji sallama na leƙa na ga yayarsa. Ga kuma ɗayan "na" ɗin, na mallaka da na jeri, irin su na Audu da na biyu, yana ƙara cunkoso. Maganin shi ne ki bar abubuwa su yi aikinsu da kansu. Tunda mun san ita ce take gani, "na ga" da "na ji" yawancinsu kaya ne kawai. "Ruwan bai kai ga tafasa ba aka yi sallama. Yayarsa ce, da leda biyu a hannu." Sannan "na" ba ya nuna jinsi, saɓanin "ka" da "ki", "ya" da "ta". Na taɓa karanta shafi uku na wani rubutu ina ɗauka namiji ne ke magana, sai da wani ya ce "ke" na koma farko. A sa wani ya yi mata magana da wuri.

Wani abin kuma ba a cikin littafin yake ba, a wajensa yake. Mutanenmu da yawa ba sa raba "ni" na labari da mai rubutun. Na san marubuciyar da dangin mijinta suka kira ta zama saboda tauraruwarta ta ce ta yi nadamar aurenta. In kina da aure kuma kina rubutu da sunanki, ki san da wannan tun yanzu.

Amarya ba ta da baki

Iyakar da ta fi duka girma ita ce adalci. Duk wanda ke cikin littafinki za mu san shi ne ta bakin macen da take ciwo. Amarya za ta fito muguwa, mijin ya fito butulu, uwar amarya ta fito 'yar bin bokaye, domin haka uwargida take ganinsu. Laifi tudu ne, ta taka nata tana hango nasu. In kin sa mata laɓe don ya tabbatar da duk zarginta, kin mayar da littafin ƙarar da aka yanke hukuncinta da jin ɓangare ɗaya.

Mariama Bâ ta Senegal ta fuskanci wannan a Une si longue lettre na 1979. Ramatoulaye tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta Aïssatou doguwar wasiƙa a kan yadda mijinta Modou ya auri Binetou, ƙawar 'yarsu. Binetou ba ta taɓa karɓar alƙalamin ba, abin da ya cece ta kawai shi ne mai wasiƙar tana da hankalin da za ta ga yarinyar ita ma tura ta aka yi. Ko a wannan littafin mai ƙarfi ana ganin ɗinkin: Ramatoulaye tana maimaita wa Aïssatou labarin mutuwar auren Aïssatou ɗin kanta, abin da ta fi kowa sani, saboda mu ne ba mu sani ba.

Gwanintar salon tana nan ne: ki sa mai karatu ya hango abin da mai ba da labari ba ta hango ba, ta cikin maganarta ita kanta. Misali ta ce, "Don makirci, kullum sai ta aiko mini da abinci ranar girkinta, har da wanke wa yarana kaya, wai ita ta gari." Uwargida ta faɗi makirci, mu mun ji yarinyar da take neman wurin zama. Ba ki je gidan uwar amarya ba, amma amaryar ta yi magana. Wannan ya fi laɓe wuya, domin sai ke kin san gaskiyar kowa sarai, sannan ki hana tauraruwarki ita.

Rashin sanin mai ba da labari ma jari ne. Cikin labarai 60 na gwanin binciken laifuka Sherlock Holmes da Arthur Conan Doyle ya rubuta, 56 abokinsa Watson ne yake bayarwa, mutumin da kullum yake baya da taki ɗaya. Biyu kacal Holmes ya bayar da bakinsa, kuma a ɗayansu shi da kansa ya yi kukan rashin Watson, domin wanda ya riga ya gane komai ba shi da yadda zai ba mu mamaki sai ya ɓoye tunaninsa da gangan. Uwargidanki a wajen Watson take, kuma wuri ne mai kyau.

Abu ɗaya da babu dabarar da ke warware shi cikin sauƙi shi ne mutuwa. Mai cewa "na" ta rayu har ta ba da labari, kowa ya san haka. Ferdinand Oyono na Kamaru ya zagaye wannan a Une vie de boy na 1956 ta hanyar sa wani ya tarar da Toundi, tauraron da ke ba da labarin, yana gargarar mutuwa, a ba shi littattafan da yaron yake rubuta rayuwarsa a ciki. In kina shirin kashe tauraruwarki, irin wannan ƙofa tun farko ake gina ta.

To, a rushe ko a ci gaba?

Hanyoyin da ke gabanki ba su da yawa. Kina iya raba bakin: kashi na biyu ya buɗe da amarya tana cewa "na". Tunda babi-babi kike saki, wannan ba ya buƙatar goge komai, kuma masu karatun da suka sha tsine mata za su sha mamaki. Sharaɗin shi ne muryoyin su bambanta har a gane mai magana ko an cire sunan da ke saman babi. Yawancin waɗanda na gani a nan suke faɗuwa: mace mai shekara 38 da yarinya mai 19 suna magana da karin magana iri ɗaya da tsawon jumla iri ɗaya. Kina iya barin uwargida da "na", ki saka wasu babuka da "ya ce, ta ce" don kasuwa da gidan amarya. Yana yiwuwa, amma shigo da shi farat ɗaya a babi na 12 zai yi kama da faci, sai kin buɗe sabon kashi da suna, kin kuma ci gaba da shi har ƙarshe. Kina iya sake duka da "ta", kina manne da uwargida a yawancin wurare, kina sakinta inda ya zama dole. Za ki rasa ɗan zafi, ba kamar yadda kike tsoro ba.

Ma'aunina shi ne wannan. Ki faɗi labarinki a jumla ɗaya. In jumlar ta fito "yadda wani gida ya wargaje", na mutum uku ne ko huɗu, baki ɗaya ya yi masa kaɗan, ki raba ko ki sake. In ta fito "yadda wata mace ta gane abin da ya daɗe yana gabanta ba ta gani ba", to katangar da kike kuka da ita ita ce littafin, kuma zuwa gidan uwar amarya zai ɓata shi. Ni zuciyata ta fi karkata ga na biyun, amma na san son raina ne, kuma masu karatun zaure sukan so a nuna musu mugu yana mugunta ido da ido. Ke kika san mutanenki.

Kafin ki yanke, gwada wannan. Rubuta zaman amarya da mahaifiyarta cikakke da "ya ce, ta ce", rubuta hirar mijin da abokinsa a rumfa, ki ajiye su a wayarki kada ki saki. Sannan ki koma ɗakin uwargida ki tambayi kanki, washegarin waɗannan zama biyu me ya iso gare ta? Wataƙila mijin ya dawo da tsire bayan wata uku bai kawo ba, ya ajiye bai iya haɗa ido da ita ba. Wataƙila amarya ta dawo daga gida da sabon turaren wuta, ta gaishe ta har ƙasa. Babi na 12 ki fara shi daga ƙunshin tsiren, ki ga ko zai kai ki shafi biyar.